Hannun da Pak Nazwir Ya Bari a Buɗe

Mu na Allah ne, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, 12 ga Sha'aban 1446, wadda ta yi daidai da 11 ga Fabrairun 2025, ana cikin kiran sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran malaminmu kuma madugun ƙungiyar makaɗanmu ta Padang Panjang, Pak Nazwir Sutan Pamenan, wanda muke kira Pak, wato Baba, yana da shekara saba'in da uku. Bai yi jinya ba. Ya rasu a zaune a kan kujerarsa, a gabanmu mu wajen sittin, kuma mun daɗe muna kallonsa ba mu san ya tafi ba.

Sunana Masrizal, a gajarce Ijal, abokan aiki kuma suna ce mini Uda, wato yaya. Ni ne mai busa obo, algaitar nan ta Turawa, kuma kujerata tana tsakiyar makaɗa, tana fuskantar taka kai tsaye, Pak Nazwir. Fiye da shekara talatin fuskarka ce abin kallona, Pak, har matata takan ce na fi sanin layukan goshinka a kan ranar haihuwar 'ya'yana. Shi ya sa da aka ce wani ya rubuta wani abu a kanka, kowa ya juyo ya dube ni.

A tashar mota ka tsince ni, ina busa sarewar gora ana jefa mini 'yan canji. Ka tsaya cikin yayyafi ka saurare ni har na gama, sannan ka ce, "Kana da huhu, amma ba ka da kunya. Ka zo makaranta gobe, za mu gyara ɗaya." Har ka koma ga Allah ban san wanne ka gyara ba. Ka ba ni algaita, ka koya mini fiƙe karan bakinta da hannunka, ka kuma tafi har ƙauyenmu ka zauna da kawuna ka rarrashe shi ya bar ni. Irina muna da yawa a ƙungiyar nan. Akwai ɗan mai sayar da barkono, akwai 'yar direban keken doki, akwai Ajo Tamrin mai manyan ganguna wanda ka ɗauko daga gidan biki a Pariaman. Duk ranar da bita ta yi kyau kakan kwashe mu zuwa wurin mai tsire, ka zauna kana kallonmu muna lasar miya. Sandarka ta jagora kuwa, tun ranar da ta karye ka ƙarasa bita da tsinken tsire, ba mu sake kiranta da wani suna ba sai tsinke.

A wani ƙauye na bakin tafkin Maninjau aka haife ka, kuma mahaifinka shi ne ladanin garin. Ƙanin mahaifiyarka ne ya fara ɗora maka goge a kafaɗa, ya riƙa yawon bukukuwa da kai a Padang. Mahaifinka bai so ba. Ka sha ba mu labarin ranar da za ka tafi Yogyakarta karatun kiɗa, ya raka ka bakin titi ya ce, "Nazwir, ni ina kiran mutane zuwa sallah, kai kana kiransu zuwa rawa. Ranar da muryoyinmu suka haɗu, wa za a saurara?" Ka ce masa, "Kai za a saurara, Abak. Duk inda na ji kiran sallah zan tsaya, ko a gaban wa nake."

Ka cika wannan alkawari har numfashinka na ƙarshe. Akwai ƙaramin masallaci a tsallaken titin zauren da muke bita, kuma La'asar takan same mu a tsakiyar aiki. Da ladani ya buɗe baki sai ka ajiye sanda, ka ɗaga tafin hannunka na dama a buɗe. Mu duka mu tsaya cak a inda muke, bakan goge a kan tsirkiya, algaita a baki, ba mai tari, ba mai gyara zama. In aka gama kira sai ka yi addu'ar bayan kiran sallah a hankali, mu ɗora daga daidai inda muka tsaya, mu kai ƙarshen gaɓar, ka dunƙule hannu, mu tashi mu yi alwala. Alamu biyu ke nan da ko sabon ɗalibi ya sani. Buɗaɗɗen tafi yana nufin ku jira, za mu ci gaba. Dunƙulallen hannu yana nufin an gama, kowa ya kama gabansa. Ka taɓa yin haka a gaban wani babban baƙo daga Jakarta, mai gabatarwa yana ta zufa a gefen dandamali, kai kuwa idonka a rufe kamar kana tsakar gidanku.

Daga Yogyakarta ka sami damar zuwa ƙasar Holan, inda ka faɗa hannun wata tsohuwa, Malama Terpstra, wadda ka ce ba ka taɓa ganin haƙorinta ba. Labarinta ne ka fi son ba mu. Ka ce watanni kana kaɗa sanda a gabanta kamar mai korar ƙuda, tana kallonka kawai. Wata rana ta cire gyalen wuyanta ta ɗaure maka hannuwa ta baya, ta tsayar da kai a gaban makaɗa ta ce, "To, shigar da su." Kullum a nan kake tsayawa. Mu ce, "To yaya ka yi, Pak?" Sai ka yi dariya ka ce, "Suka shiga mana. Wa zai ci tsire?" Mun ɗauka labari ne irin na tsofaffi, wanda ba a tambayar ƙarshensa.

Da ka dawo an yi maka tayin aiki a Jakarta, ka ce sanyin garin nan ya fi dacewa da katakon goge. Ka fara da 'yan ɗalibai tsiraru da kayan kiɗa na aro. Shekarar da girgizar ƙasa ta tsage bangon zaure ka fito da mu tsakar makaranta, muna bita tokar dutsen Marapi mai aman wuta tana sauka a kan takardunmu. Yau ɗalibanka suna koyarwa daga Medan har Makassar.

A cikinsu babu wanda ka matsa wa kamar Yelmi Hartati, wadda ka ɗauka mataimakiyarka. Yadda kake horar da ita ya sha ba ni tsoro. Kakan tsayar da ita a gaban kujeru babu kowa a kai, ta yi ta kaɗa sanda cikin shiru, kai kana zaune a baya da kofin kofi. Can sai ka ce, "Masu ƙaho sun makara, ke kika makarar da su." Ko ka ce, "Kin bar Masrizal a baya." Ni da nake leƙe ta taga sai in ji tsigar jikina ta tashi, don kujerata ce ka nuna, kuma babu kowa a kanta. Abin da ka fi yawan gaya mata shi ne, "Yelmi, kina riƙe numfashi kamar mai nutso a Maninjau." Ta ɗauka tsiya ce kawai irin taka. Ba ka taɓa yaba mata a gabanta ba, amma ni ka taɓa gaya mini a wurin mai tsire cewa yarinyar nan za ta wuce ka.

Ranar Talatar muna bitar wani kiɗa da ka tsara da kanka daga waƙar masuntan garinku, wanda za mu yi a taronmu na shekara kafin azumi. Farin hazo ya sauko daga dutse tun azahar, har sai da aka kunna fitilu. Kana zaune a doguwar kujerarka mai majingina, wadda ciwon gwiwa ya sa ka koma amfani da ita. Akwai wani wuri a tsakiyar kiɗan inda masu goge suke hawa sama, su tsaya a kan murya guda siririya, ni kuma in amsa musu da algaita, sauran su biyo ni. Daidai nan ladani ya fara kira. Ka ajiye tsinke, ka dogara gwiwar hannunka a kan teburin takardu, ka buɗe tafi, ka sunkuyar da kai.

Aka gama kiran sallah. Muka jira. Hannunka yana nan a sama, a buɗe. Na ji ruwa yana ɗiga daga indararo, na ji babur ya wuce a titi. Karan algaita ya bushe a bakina ban cire shi ba. Masu goge hannuwansu suka gaji, amma babu wanda ya sauke baka, domin kai ka hore mu a kan haka. Na ce a raina yau addu'ar Pak ta yi tsawo. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Abin da ya farkar da mu shi ne jin an tayar da iƙama a tsallaken titi, alhali iƙama ba ta taɓa samunmu a zaune ba.

Yelmi ce ta taso daga bayan zaure. Ta zo ta ce, "Pak." Ta sake cewa, "Pak Nazwir." Ta taɓa kafaɗarka, sai hannun ya sauko a hankali, kamar yadda kake sauko da shi in za ka shigar da mu. Mu sittin muna kallo ya sauko har ƙasa, kuma babu ko mutum ɗaya da ya motsa baka ko ya busa. A lokacin ban lura da wannan ba, sai daga baya.

Washegari muka kai ka Maninjau, maƙabartar dangin mahaifiyarka. Ina cikin masu zuba ruwa wajen wanka. Hannunka na hagu ya lanƙwasu kamar na kowa, na dama kuwa tafin ya ƙi rufuwa. Liman ya ce a bar shi, ba laifi ba ne, jijiya ce. Na yarda jijiya ce. Amma a haka muka sa ka a likkafani, kana ce mana mu jira.

Bayan kwanakin zaman makoki muka koma bita, Yelmi a kan dandamali da tsinkenka a hannu. Kiɗan ya tafi lafiya lau har muka iso wurin nan. Masu goge suka hau sama, sai kawai komai ya ɗauke. Yelmi ba ta ba da alamar tsayawa ba, sandarta ma tana ci gaba da kaɗawa a iska. Ni da ya kamata in amsa, na cika ƙirjina, na matse kara, amma na kasa sakin iskar, kamar wanda ya zo bakin rami a duhu. Na waiwaya, kowa ya tsaya a daidai yadda ya tsaya ranar Talata.

"Mu sake," in ji Yelmi.

Muka sake, muka tsaya. Ta ce mu faro daga bayan wurin, muka faro lafiya har ƙarshe. Ta ce to mu haɗa, muka zo muka tsaya. Ajo Tamrin, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya leƙo daga bayan gangunansa ya ce, "Uda Ijal, ko dai algaitar taka ta shiga takaba ne?"

Na ce, "Kai da kake barci rabin kiɗa, me ya hana ka buga naka?"

Ya ce, "Wallahi na ɗaga sanda, Uda. Hannun ne ya ce sai Pak ya dawo."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin mako ya zagayo, magana ta cika gari. Wata mai goge ta ce tana jin ƙamshin man zafin da kake shafa wa gwiwa duk lokacin da muka iso wurin. Muka ɗauke doguwar kujerarka muka kai ɗakin ajiya, da safe muka same ta a mazauninta. Mai shara ya ce shi ya mayar da ita, amma ƙasa yake kallo da yake faɗa. Iyaye suka fara hana 'ya'yansu zuwa, kujeru suka fara zama babu kowa. Ni dai na san mamaci ba ya dawowa, an karantar da ni haka, kuma haka na yi imani. Duk da haka na daina shiga zauren ni kaɗai.

Shugaban makaranta ya kira mu ya ce in ba za mu iya ba, a ɗage taron, a rufe bita sai bayan Sallah. Dukkanmu mun san abin da hakan ke nufi. Ƙungiyar da tsoro ya watsa, aka kuma ba ta wata guda na azumi tana ta ba wa kanta labarin fatalwa, ba za ta sake haɗuwa ba. Aikinka na shekara arba'in ya zo ya tsaya a kan murya guda ta goge. Wani ya ce a cire kiɗan a sa wani. Yelmi ta ce in muka kauce wa wurin nan sau ɗaya, har abada muna bayansa. Ta faɗi haka da ƙarfin hali a gaban mutane, amma da muka fito ta ce mini, "Uda, raka ni gidan Ibu. Zan mayar mata da sandar. Ba ni suke bi ba, kuma ba za su taɓa bi na ba."

Matarka Rosmaniar, wadda muke kira Ibu, wato Mama, ta yi ritaya daga aikin ungozoma a asibiti, kuma rabin makaɗanmu a hannunta suka faɗo duniya. Mun same ta da hantsi tana tsince shinkafa a baranda. Yelmi ta ajiye tsinken a gabanta, ta ba ta labarin duka tana kuka. Ibu ta saurara, ba ta daina tsintar shinkafarta ba.

"Wai ku da wannan abin kuke zaton yana tuƙa ku?" ta ce, ta ture sandar da bayan hannu. "Wannan da nake ƙwace wa jikokina suna tsokanar kyanwa da shi?"

Yelmi ta ce, "To da me, Bu?"

"Ke Yelmi, shekara nawa kina bayansa ba ki da kunne? Mutumin nan ba ya fara komai sai ya ja numfashi. Kafin ya ce Ros ina kofi, sai ya ja. Kafin ya yi kabbara in yana ja mana sallah, sai ya ja. Ni kafin ya buɗe baki na riga na miƙe. Wurin ubansa ya gado. Tsohon yakan ce kiran sallah daga numfashin da ke gabansa yake farawa, wanda ya iya jansa ya riga ya tara jama'a." Ta juyo kaina. "Kai Ijal, da kake zaune a hancinsa, ba ka taɓa ji ba?"

Na buɗe baki zan ce ban taɓa ba, sai na ji shi a kunnena sarai, kamar kana tsaye a barandar. Doguwar shaƙa ta hanci, da ɗan siririn fito a ƙarshenta, saboda karan hancinka da ya taɓa karyewa kana yaro. Shekara talatin a kan wannan fiton nake sakin iska, ban sani ba. Nan na tuna hannunka da ya sauko ranar Talata ba wanda ya motsa. Nan kuma na gane ƙarshen labarin gyalen Malama Terpstra: da numfashi ka shigar da su.

"Ba fatalwa ke riƙe da ku ba," in ji Ibu. "Ya ce ku jira, kuna jira. Numfashin da zai sake ku ne bai samu ya ja ba." Ta ɗauki tsinken ta danƙa wa Yelmi a hannu. "Ɗauki abinki. Ki je ki yi numfashi, 'yar nan, tun ranar da na karɓi haihuwarki sai da na mare ki kafin ki yi."

Da ma a ce sani shi ne iyawa. A bitar ƙarshe Yelmi ta iso wurin ta ja numfashi da ƙarfi kamar mai shirin ɗaga buhu. Ajo Tamrin ya tuntsire da dariya, 'yan goge biyu suka shiga a karkace, sauranmu muka tsaya. Ta sake, abin ya ƙara lalacewa, domin yanzu kowa kunnensa yana kan hancinta. Muka watse ba wanda ya kalli wani.

An sa taron a zaurenmu ranar Asabar bayan azahar, yadda za a gama kafin La'asar. Amma ruwa ya kwana yana zuba, ƙasa ta zabtare a hanyar kwarin Anai, baƙin Padang suka makara, aka fara a makare. Zaure ya cika maƙil, wasu don kai suka zo, wasu kuwa, gaskiya ɗaya ce, don su ga abin da ake faɗa. Ibu tana layin gaba cikin fararen kaya. Yelmi ta ce a bar kujerarka a inda take, a gefen hagunta.

Kiɗanka ne na ƙarshe. Muka faro, kwale-kwalen masuntanka suka fita tafki kamar yadda ka tsara. Ina jin wurin yana matsowa. Masu goge suka hau sama, suka kama siririyar muryar, sai komai ya ɗauke.

Shirun bai kai a ƙirga uku ba, ladanin tsallaken titi ya ce Allahu Akbar.

Mun riga shi tsayawa, Pak. Babu agogo a zauren, kuma babu wanda ya san lokaci ya yi. Na ga fuskar Yelmi ta yi fari. Sai ta ajiye tsinke a kan tebur, ta ɗaga tafin hannunta na dama a buɗe, ta sunkuyar da kai. Jama'a suka yi tsit, tsofaffi suna amsa kira ƙasa-ƙasa. Hazo yana shigowa ta tagogin sama. Daga inda nake ina ganin kafaɗun Yelmi a ɗage, ta riƙe numfashi kamar mai nutso. Aka gama kira. Leɓunanta suka motsa da addu'a, namu ma haka. Sannan shirun nan ya dawo, irin na ranar Talata, na ji ɗigar indararo, na ce a raina shi ke nan, a nan ƙungiyarmu ta ƙare.

Sai aka ja numfashi.

Ban yi shawara da kaina ba, iska ta fita daga ƙirjina, algaita ta amsa wa masu goge. Masu ƙaho suka biyo ni, manyan goge suka shigo, Ajo Tamrin ya saki gangunansa yana kuka kamar yaro. Muka wuce wurin. Yelmi ba ta ma sake ɗaukar sandar ba, da hannu ta kai mu har gaɓar tafki. Da muka kai muryar ƙarshe ta riƙe ta, ta riƙe ta, sannan ta dunƙule hannu. Ba a yi tafi nan da nan ba. Mutane suka miƙe a hankali, aka fita alwala.

A bakin famfo Yelmi ta same ni ta ce, "Uda Ijal, Allah Ya saka. Ba don ka ja mini numfashin nan ba, da na mutu a tsaye."

Na ce, "Ni? Kara yana bakina, ƙirjina a cike tun kafin a gama kira. Ba ke ba ce?"

Ta dube ni ta ce, "Ban sani ba, Uda. Ban tuna ba."

Muka tambayi Ajo, ya ce a bar shi da abin da ya ji. Ibu Rosmaniar ce ta raba gardamar, da ta zo tana gyara mayafi. Ta kama fuskar Yelmi da hannu biyu ta ce, "Naki ne. Na fi shekara talatin ina sauraron irinsa a ɗakin haihuwa. Na san numfashin mai tafiya, na san na mai zuwa. Wannan na mai zuwa ne."

Ban yi mata musu ba, ta fi ni sanin numfashi, ta kuma fi ni saninka. Na yarda na Yelmi ne, kuma ina so ya zama nata, domin da shi za ta ja mu shekaru masu zuwa in Allah Ya yarda. Ɗaliban da suka gudu sun fara dawowa, an sa ranar komawa bita bayan Sallah. Abu ɗaya ne kawai na kasa ajiyewa. Hancin Yelmi lafiyarsa ƙalau, bai taɓa karyewa ba, ni kuwa na ji ɗan fiton nan a ƙarshen shaƙar. Wataƙila kunnen da ya shekara talatin yana jin abu ba ya daina jinsa rana ɗaya. Allah ne Masani.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukkan makaɗa da ɗalibanka na kusa da na nesa, ga Ibu Rosmaniar, da 'ya'yanku da jikoki, da 'ya'yan 'yan'uwanka mata da ka riƙe kamar naka, da jama'ar Maninjau baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi, Ya ba mu mu ma.

Ya Allah, bawanKa Nazwir ya yi shiru duk lokacin da aka ambaci girmanKa, kuma a cikin wannan shirun Ka ɗauke shi. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka haɗa shi da mahaifinsa a inda babu sauran jira. Ka sa abin da ya koyar na alheri ya riƙa isa gare shi. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Mun ɗora daga inda ka tsayar da mu, Pak, mun kai ƙarshe, kuma Yelmi ta rufe a madadinka. Ka sauke hannunka ka huta.